Itacen da Aka Tara a Bayan Ɗakina

Unguwar Ɗan'auta, Gwaram
Fabrairu, 1992

Zuwa ga Yaya Veronica,

Gaisuwa mai yawa da so da ƙauna. Ina fata kina lafiya, da maigidan da yara, da aikin asibiti. Yaya zafin Birnin Kudu? Namu nan ya fara kankama.

Kin ce in rubuto miki gaskiya, to ga ta: na gaji, Yaya. Ba gajiyar aji ba, ko da yake yaran makarantar nan sun isa su tsufar da mutum. Tun ranar da aka ƙona shagonmu a Kano, mijina Cornelius yana ciki, ban yi barcin kirki ba. Ko ashana aka ƙyasta sai gabana ya faɗi. Har yau ban iya hura wuta ba, Inna Turai matar mai gidan da nake haya ce ke aiko min da tuwo, ni kuma in tsakura in ture. Cikin nan kullum ƙara nauyi yake, ina ta ɓoye shi da baƙin mayafi. Bayan ke babu wanda ya sani.

Na san ke kika yi faɗi-tashi kika samo min aikin nan da sabuwar jiha ta nemi malamai, ba kuma raini nake ba. Amma ni kaɗai ce Kirista a duk ƙauyen, kuma mazan garin nan ba sa gaishe ni. Ko ɗaya! Da sun hango ni sai su sunkuyar da kai su ratse hanya. Shi kansa mai gidan, Malam Iliyasu, ta bakin matarsa yake min magana.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wannan. Na dawo daga makaranta na tarar da ɗaurin itace jingine a bayan ɗakina. Washegari ya zama biyu. Ban saya ba, ban roƙa ba, kuma kowa ya san ba na girki. Kada ki ce min tsoro ne kawai, na ga yadda ake fara irin wannan.

Ki gaishe min da Christabel da Excel. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Prisca

Unguwar Ɗan'auta
Maris, 1992

Yaya Veronica,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya. Ƙasimu direba ya kawo min takardarki da maganin ƙarin jini, na gode.

Kin ce in kwantar da hankalina in tambaya. Haba Yaya, ke da kike zaune cikin gidajen ma'aikata da maigadi a ƙofa! To na tambaya. Na sami mata a bakin rijiya na ce wa ke tara itace a bayan ɗakina, kuma na mene ne? Sai suka dubi juna. Wata Kubra ta rufe baki da gefen zane, sauran suka ɗauki tulunansu suka watse. Na tambayi Inna Turai, ta ce min wai ba a maganar abu sai ranarsa ta zo. Ki faɗa min, in ke ce, me za ki ɗauka?

Yanzu itacen ya kai tagar ɗakina, busasshe ƙayau, ɗakin kuma rufin ciyawa. Na ga masu kawowa da idona. Maza ne, in sun dawo daga daji kowa ya jefa ɗaurinsa ya wuce bai ce uffan ba. Akwai wani dogo, Dabo, mai tabo a goshi, shi ya fi kowa kawowa. Jiya kuma sai ga shi ya gangaro da wani baƙin duro ya ajiye a gefen itacen. Duro, Yaya! Irin wanda ake zuba fetur.

Na san in na gudu aikin ya tafi, kuma ban san da me zan ciyar da abin da ke cikina ba. Amma shi kaɗai Cornelius ya bar min, ba zan zauna in jira ba. Ranar kasuwar Gwaram zan bi ta fadama in fita titi don kada a gan ni, in tari motar Ƙasimu. Ki shimfiɗa min tabarma ko a kicin ne.

Taki cikin damuwa,
Prisca

Unguwar Ɗan'auta
Maris, 1992

Yayata abar ƙaunata,

Ina gaishe ki, ina kuma ba ki haƙuri. Na san kin tsaya a tasha har rana ta faɗi. Lafiyata ƙalau, ki zauna ki karanta a tsanake.

Na fito kamar yadda na ce, da jaka a ka. Ban san fadamar nan haka take da nisa ba. Rana ta take, jiri ya ɗebe ni, na lallaɓa gindin wani mangwaro a bakin lambu na zube. Wurin sanyi, Yaya. Ruwa na bin kwari tsakanin albasa da tumatir, ƙasa na ƙamshi, balbelu na ta kiwonsu ba ruwansu da ni. Na ce bari in huta kaɗan. Barcin da ya guje ni tun Kano, a nan ya same ni.

Na farka na ga Inna Turai zaune tana min fifita da faifai, ashe lambun mijinta ne, abinci ta kawo masa. Ta dubi jakata, ta dama fura ta miƙo min. Na shanye tas, sannan kin san halina, bakina ya buɗe. Na ce in ƙona ni za su yi su yi da rana tsaka in gani, na gaji da jira. Na faɗi itace, na faɗi duro, na faɗi mazan da ba sa gaisuwa, ina yi ina kuka.

Matar nan ta dafe ƙirji tana salati, sai ga hawaye. Ta ce tun makon da na zo ta ga ina kauda kai daga warin daddawa ta gane ina da juna biyu, kuma duk matan garin sun sani. Ba a dai ambatar ciki ne a nan kafin a sauka, don kunya da gudun baki. Itacen kuwa na wankan jego ne. A al'adarsu uban ɗa ke tara shi tun da rani kafin ruwa ya sauka. Da Malam Iliyasu ya ji labarin Cornelius daga bakin hedimasta, sai ya faɗa wa maza a ƙofar masallaci cewa ɗan nan ba shi da mai yi masa itace, kowa ya kawo abin da ya samu. Duron na dafa ruwa ne, na matar Dabo, wadda ta rasu wajen haihuwa bara.

Rashin gaisuwar ma, wai ganin baƙin mayafina suka ɗauka takaba nake, takabar mai ciki kuma sai ta haihu take fita. Girmama ni suke yi, Yaya, ni ina ƙirga su a cikin maƙiya.

Ita ta ɗauko min jakar har gida. Yanzu kullum in an tashi makaranta can lambun nake tafiya, in taya mata tsinkar tumatir, in ci, in yi barci.

Taki,
Prisca

Unguwar Ɗan'auta
Mayu, 1992

Yaya Veronica,

Gaisuwa da godiya. Ina fata kin huta gajiyarmu. Mun iso lafiya daga asibiti, ni da ɗana Wonder, ko da yake nan babu mai kiransa haka. Audi suke ce masa, sunan da suke ba wanda ya zo bayan ubansa ya tafi.

Kin gargaɗe ni kan ruwa mai zafi da kunun kanwa. Na ji, malamar asibiti! Ina sa a surka, Inna Turai tana mita.

Ranar farko da za a dafa ruwan, Kubra ta ɗauko ashana. Na ce ta ba ni. Tsinke biyu suka karye, na uku ya kama. Na zauna ina kallon wutar har ruwa ya tafasa, ban gudu ba.

Jiya na fito ƙofar gida da yaron a kafaɗa, ruwan farko ya sauka, gari ya yi sanyi. Sai ga Dabo da fartanya zai tafi gona. Ya tsaya, ya ɗago kai ya yi min barka da arziki, ya tambayi lafiyar yaro, ya kuma tambaya ko itacen zai isa.

Kuka ya ci ƙarfina, Yaya. Ki naɗe tabarmar nan, ba zan zo ba.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Prisca, Maman Audi