Baƙin Shayin Inna

Gummi, daren Talata, bazarar 1984

Na kasa kwanciya. Ashe kifin da na saya yau, da maganin feshin auduga aka kashe shi a tafki. Maigida ya fi kowa ci, tun la'asar yake amai. Inna ta dafa baƙin shayi mai ɗaci, ta ce, "Ba shi ya sha, ɗiyata, shayi na karya dahi." Ban yarda ba, amma na ba shi kofi uku. Aman ya tsaya, ya samu barci. Ko shayin ne, ban sani ba. Da asuba dai asibiti za mu, ko Inna ta ƙi. Ni na zaɓi kifin nan da hannuna, har ina murnar arha.