Ni Na Zare Wayar, Shi Kuma Yana Zargin Kansa

Anti Kubura, don Allah ki taimake ni, abin ya fi ƙarfina. A Uwani muke zaune, nan Enugu. Maigidana yana digiri na biyu a kan wata irin kwamfuta da ake kira kwantam. Ya ce kwamfutar da muka sani sifiri da ɗaya kawai ta iya, tasa kuwa kowace ƙwayar lissafinta mataki biyar gare ta. Kuma ba shi da injin ma, kwaikwayonsa yake yi a laftof ɗinsa mai mataccen batir. Lissafi ɗaya sai ya kwana uku yana tafiya.

Ni kuma kunun aya nake sayarwa, soket ɗaya ne mai aiki a falonmu. Ran nan ya tafi masallaci, aya ta jiƙu, na zare wayar laftof ɗinsa na jona bilenda, minti biyar kacal. Na mayar, na kunna masa abinsa. Da ya dawo ya ga komai ya goge, sai ya dafe kai ya ce matakan ne suka yi wa laftof yawa har ta suma. Na ce Allah sarki. Ya rage su zuwa huɗu. Bayan kwana biyu aka yi mini odar kunu na bikin suna, na sake zarewa. Ya rage zuwa uku.

Yanzu ya rame, yana neman kuskure a aikin da ba shi da kuskure, har haƙuri yake ba ni wai ya cika ɗaure fuska. Ran Litinin zai je ya gaya wa malaminsa hanyar ba ta aiki, a canza masa batun bincike, bayan shekara biyu. In faɗa ne, ko in bar wa Allah?

Maman Amatullahi, Uwani

Maman Amatullahi, na farko kuskure ne, na biyu kuwa kin san abin da kike yi. Ki faɗa masa kafin Litinin, kada ki bari mutum ya zubar da wahalar shekara biyu saboda aya. Ki bari ya ci ya ƙoshi, ki zauna, ki faɗi duka biyun a zama ɗaya. Kada ki yi dariya, ko da ta zo miki.

Shi ma yana da nasa. Wanda ya ɗora aikin kwana uku a kan mataccen batir, a gidan da ake sana'a, bai kuma ce wa kowa kada a taɓa ba, ya yi sakaci. Amma wannan ba ranar za ki gaya masa ba.

Zai yi fushi, ki ba shi kwana biyu. Ina kyautata zaton farin cikin jin cewa aikinsa lafiya lau yake zai rinjayi fushin. Kafin nan ki shiga Kasuwar Kenyatta ki sayo soket mai baki huɗu, ki ajiye a gabansa lokacin da za ki fara magana. Allah ya ba shi sa'ar karatu, ke kuma ya kawo kasuwa.

Anti Kubura