Ungulu Ta Dawo Kan Maɗacinka

Zuwa ga mahaifina, Malam Garba mahauci.

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwar girmamawa, ina fatan Allah ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka.

Kwanan baya na koya wa ɗalibaina rabe-raben halittu. Na zana ƙuda da ungulu a allo. Ƙuda dangin ƙwari ne, ƙafa shida, ba ƙashin baya. Ungulu kuwa dangin tsuntsaye ce. Da muka zo kan halittun da ake tsoron ƙarewarsu, ƙuda ko a jikinsa, amma ungulu masana sun ce tana dab da ɓacewa. Na tambayi wanda ya taɓa ganinta ido da ido, ba wanda ya ɗaga hannu. 'Ya'yan Kaduna fa, Baba.

Nan take ka faɗo mini a rai. Kullum ka taso daga kwata sai ka zo da tarkacen hanji, ka zuba wa ungulaye a gindin maɗacin gidanmu na Abakpa. Abokan sana'arka suna tsokanarka wai surukanka masu sanƙo sun iso. Kai kuwa sai ka yi dariya ka ce, "Ƙuda ya ci ya bar mana cuta, ungulu ta ci ta bar mana tsabta."

Ranar da Yaya Sani ya harbi ɗaya da danƙo, ba ka taɓa lafiyarsa ba. Ka dai sa shi kai mata abinci har ƙafarta ta warke. Wallahi ban taɓa ganin horo mai kyau irin naka ba.

To, bana Yayan ya ce zai sare maɗacin ya gina shaguna, wai itace ba ya ciyar da iyali. Na yi magiya, na yi faɗa, ka dai san bakina, duk a banza.

Ranar da masu zarto suka zo, sai ga ungulaye biyu can sama suna jera ƙirare, sheƙa suke yi. Rabonmu da su tun kana raye. Yaya ya daɗe yana kallonsu, sannan ya sallami mutanen.

Washegari da safe na same shi a gindin bishiyar, riƙe da tsohon kwanonka cike da hanji. Yana zuba musu kamar yadda kake yi. Na haɗiye tsokanata, don hawaye sun riga ni.

Ina kewarka, Babana. Allah ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka, yadda ka ji ƙan abin da kowa ke kora shi ma ya ji ƙanka.

'Yarka mai baki,
Hadiza