Bakwai Mai Karyayyen Kai

Warracknabeal, 9 ga Oktoba

Zuwa ga Yayana Darrell,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Maureen da yara, kuma zafin Karratha bai gasa ku ba tukuna. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare ka a wurin aikin haƙar ma'adinai. Mu nan lafiya lau, alkama ta yi kyau bana. Baba yana nan a gidan kula da tsofaffi. Ido ya tafi gaba ɗaya, amma baki yana nan daram, jiya ma sai da ya yi wa masu girki faɗa a kan shayi.

Ka san abin da ya roƙa na cikarsa shekara tamanin a watan gobe: a mayar wa tsohuwar motarsa Monaro da injinta na asali, ya ji rurinta sau ɗaya kafin ya bar duniya. Gangar injin nan tana rumfa a ƙarƙashin tamfal tun muna makaranta. Masu inshora suka ce sai an kimanta ta tukuna, shi ya sa na kira dattijo Lindsay Schulz na ƙungiyar masu tsofaffin motoci. Ya zo da burushin waya da alli da tocila. Ya goge tsatsa, ya shafa alli, lambar injin ta fito, ta yi daidai da ta jikin motar. Ya ce in dai ta asalin ce, ita da motar sun kai kuɗin gida guda a garin nan. Har na ɗora ruwan shayi don murna.

Sai ya ƙara haska gangar da tocila. Ya kira ni ya nuna mini ranar da aka zuba ƙarfen, wadda ke jikin gangar tun daga masana'anta, ba mai iya canza ta. An zuba ta shekara huɗu bayan an ƙera motar. Ya ce wannan ta wata motar ɗaukar kaya ce, an kankare lambarta an buga tamu, ko dala ɗari biyar ba ta kai ba. Wai wanda ya yi aikin gwani ne, sai dai bakwai ɗin da ya buga kanta a karye yake.

Darrell, ni na san wannan bakwai ɗin. Bakwai mai karyayyen kai! Ai tana jikin kowace sifana ta Baba, tana jikin ƙofar garken tumaki. Da ƙarafan buga lamba na Baba aka yi ta, kuma kai ka tafi da akwatinsu shekarar da ka yi kwana uku a rumfa, wai mai kake shafa wa inji. Ni ce ma na riƙa kai maka abinci, wawiya da ni! Wallahi ka cuce mu, kuma na ji ciwonsa har cikin raina.

Na so in ɓoye wa Baba, amma ya kafe sai an kai shi ya taɓa abinsa. Ran Lahadi na tura shi a keken guragu har cikin rumfa. Ya bi lambar da babban yatsa, ya zo kan bakwai ya tsaya. Ya daɗe a nan. Can ya ce in mayar da shi, sanyi yake ji. A mota ya ce in na rubuta maka, in ce ka dawo masa da akwatinsa idan ka gama da shi. Tun ranar bai sake zancen motar ba.

Saura mako biyar. In injin yana hannunka, ka ɗoro shi a mota. In ka sayar, gaya mini wanda ka sayar wa, ni zan je in roƙe shi.

Ka gai da Maureen da Kylie da Brodie. Mijina Neville yana gaishe ku, haka ma Inna Beryl. Baba bai ba ni gaisuwa in isar maka ba, ni kuwa ba zan ƙirƙiro ta ba.

Ƙanwarka,
Glenys