Maganar Tankin Alela da Mazuban Shagona

Da sunan Allah. Ni Munkaila ɗan Ashiru, mai shagon faiba a Konni, inda muke ƙera tankunan ruwa da zaren gilas, na rubuta wanga da hannuna, da cikakken hankalina. Ƙirjina ne kawai ya gaji. Likita ya ce ƙura ce: ta siminti shekara goma sha ɗaya a Malbaza, ta zaren gilas shekara ashirin a shago. Zuwa ga ɗiyana, Almustafa da Sha'ibu da Hafsatu.

Na ɗaya. Gida da gonar Tsarnawa, liman ya raba yadda Allah Ya ce. Ba ni da baki a ciki.

Na biyu. Mazubai huɗu da muke fitar da siffar kaya a cikinsu, biyu na tankin amalanke, biyu na kwamin shayar da dabbobi, roƙonku nake kada su bar shagon. Da katako da takardar goga na fitar da su, na farkon ya ci mini wata biyar.

Na uku, shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Tankin da ya fashe a Alela shekara uku baya, ya karya ƙafar Mato mai sayar da ruwa, ba Sha'ibu ya yi shi ba. Ni ne. Ran nan tari ya hana ni tsayuwa, na shimfiɗa zare hawa biyu maimakon huɗu, na ɗaure murfin mazubi da ƙarfi don in gama, har ruwan rezin, gam ɗin da ke riƙe zaren, ya tsiyaye ta gefe. Sha'ibu ya gani. Kai Almustafa ka kira shi maha'inci gaban jama'a, ina zaune ban ce uffan ba, don na ji kunyar a ce hannuna ya mutu. Sha'ibu ya rufa mini asiri, ya kwashe iyalinsa ya koma Sakkwato. Almustafa, ka tafi da ƙafarka ka ɗauko ƙanenka. Sha'ibu, ka yafe mini.

Na huɗu. Almustafa da Sha'ibu, ku je wurin Mato ku biyu, ku karanta masa na uku. Har yau yana ɗingishi. Ku yi masa sabon tanki, hawa huɗu.

Na biyar. Aikin nan ba ya son ƙarfi. Ku ɗaure kusoshin murfin mazubi a hankali, kusurwa da kishiyarta, har iska ta fita. Awon maganin daskar da rezin lokacin bazara, Hafsatu ta fi ku saninsa, ku tambaye ta. Kowa ya rufe hancinsa in zai goga. Ni na raina abin.

Zan tsaya nan. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku ɗiyan da za su ji ƙanku. Ku riƙe uwarku Binta, ku ci tuwon Salla a kwano ɗaya, ko da ba ku gama shiryawa ba.