Abin da Ke Cikin Kan Toka

Litinin, 3 ga Maris
Toka ta sake maƙalewa a bayan firji. Wurin ba matsatsi ba ne, juyowa ce ta gagare ta. Ta kafa hanci a bango tana kuka har na je na ɗauko ta. Shekararta goma sha tara. Kyanwar marigayiya matata ce. Ni ban taɓa son kyanwar ba, ita ma ta sani.

Alhamis, 6 ga Maris
'Yata Auta ta zo da maganarta ta kullum, wai in rufe shagon kafinta in koma gidanta. Sai dai gashin kyanwa na tayar wa maigidanta da asma. Na ce to a kai Toka asibitin dabbobi a yi mata allurar hutun har abada, ai ta ci zamaninta. Auta ta dube ni kawai. Idon uwarta sak.

Talata, 11 ga Maris
Likitar yarinya ce ƙarama. Ta ce kafin a yanke komai, makarantarsu na ɗaukar hoton kan tsofaffin kyanwoyi don bincike, ko zan yarda. Na ce su ɗauka.

Juma'a, 14 ga Maris
Yau na ga abin da ban taɓa gani ba.
Likita ta jera hotuna biyu a kwamfuta, na kyanwa 'yar shekara biyu da na Toka. Ashe ƙwaƙwalwar duka ba ta kai ƙwan kaza ba. Ta ƙaramar ta cika ƙoƙon kan dam, kamar sabon haɗin katako, ko allura ba za ta shiga ba. Ta Toka kuwa ta motse ta janye daga gefe, tsagoginta sun buɗe, ruwa ya cike gurbin. Likita ta ɗora alƙalami a kan wani ɗan lanƙwasa, ta ce nan ne ake ajiye hanyoyin gida, ga shi ya sirance. Wai in aka duba na waɗanda suka mutu, akan samu wani irin datti ya taru a ciki, irin wanda ake samu a kan tsofaffin mutane.
Na ce to me ya rage mata?
Ta ce, "Baba, da ɗan wannan da ya rage take nemo kwanonta kullum. Ni kaina abin na ba ni mamaki."
Shekara arba'in ina aikin katako. Wanda ya motse haka, wuta nake sa shi. Wannan kuwa yana tafiya, yana jin yunwa, ya san takuna. Allah mai iko.
Ta gargaɗe ni kar in matsar da ko kujera ɗaya, domin da su take gane hanya. Sabon gida kuwa, wai ɓata za ta yi a cikinsa.
A mota na tsinci kaina ina shafa ƙeyata.

Lahadi, 16 ga Maris
Na zauna na kalli Toka daga bakin ƙofa har wurin kwanonta. Ta tsaya a ƙafar tebur, ta shinshina, ta yi shiru kamar mai tuna sunan wani, sannan ta karkata dama. Daidai ta bi. Shayina ya huce ban sani ba.

Laraba, 19 ga Maris
Na toshe bayan firji da falanki.

Asabar, 22 ga Maris
Auta ta zo da kwalaye don haɗa kaya. Na ce ta dakata, akwai ƙofar da zan ƙarasa wa wani. Gaskiya ne, akwai ƙofar. Aikin kwana biyu ne, ban dai faɗa mata ba.
Ta hango 'yar matakalar da na jingina da doguwar kujera, hawa uku, na lulluɓe da tsohon tawul.
"Baba, wannan fa?"
"Ragowar katako ne."
Ta mayar da kwalayenta mota, ta dawo ta dafa mini abinci.
Toka na barci a kan ƙafata yanzu. Ƙafar ta yi tsami tun ɗazu. Bari dai ta farka.