Ƙwarangwal Ɗin Kawu Yuguda

Hamna,

Kina barci Kawu Yuguda ya aiko miki da ƙwarangwal na roba da littafin sassan jiki mai kala. Inna na ganinsa ta hau salati, ta lulluɓe shi da zane, wai gawa ba za ta kwana mata a gida ba. Da ƙyar na hana ta kiran liman. Yana bayan ƙofarki, kada ki fito da shi falo.

Ke dai 'yar gata ce. Ni shekara uku na yi da fotokwafi, jijiya ja da shuɗiya duk baƙi ƙirin, ba kawun da ya tuna da ni.

Na tafi aiki da littafin. Sai na ga kalar abin da na haddace tukuna.

Addarki